Ranar Da Faranti Ya Ƙi Yin Kore

Na ga saƙonninku, kuma na karanta su tas. Masu cewa in yi haƙuri in bar wa Allah, na gode, Allah ya saka da alheri. Masu cewa ai namiji ne, haka suke, ku ma na ji ku. Amma kafin wani ya ƙara yi min wa'azi, ku bari in ɗauko zancen daga tushe saboda waɗanda yau suka fara karanta ni. In na gama, sai kowa ya faɗi abin da zai yi da shi aka yi wa.

Shekarata uku ina kiwon ƙwayoyin jini a ɗakin bincike na sashenmu, inda nake karatun digiri na biyu. Kiwo na ce, don kiwo ne. A cikin ƙananan farantai masu murfi suke zaune, a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum. Ana ba su abinci, ana canza musu ruwa, in ka yi kwana biyu ba ka leƙa su ba su yi fushi su mutu. Ba su san Asabar ba, ba su san Lahadi ba. Bikin ƙawaye nawa na rasa saboda su, har wasu sun daina gayyatata.

Bari in yi muku bayanin aikin yadda na yi wa Umma. Kowace ƙwaya a jikin mutum, ta ido ce ko ta hanta ko ta jini, ɗauke take da zaren gado iri ɗaya, a jikinsa umarni dubbai, kowane umarni a bayan ƙofarsa. Abin da ya raba ƙwayar ido da ta hanta shi ne wace ƙofa aka buɗe, wace aka kulle. Masu buɗewa da kullewar nan wasu furotin ne, kuma gida-gida suke. Gidan da nake aiki a kansu sun haura goma sha biyar, duk 'yan uwan juna. Kowannensu yana da yatsu uku da yake damƙe zaren da su, yatsun nan kamar an tsaga kara, amma hali kowa da nasa. Wani a fatar hanji yake aiki, wani a bangon jijiya, wani shi ke gaya wa ƙwayar jini cewa ta girma ta yi ja. Da na gama, Umma ta taɓa tarin makullan da ke rataye a wuyanta, na sito da na kabad da na ƙofar baya, ta ce, "Wato dai irina ne." Na ce ƙwarai, irinki ne.

Ƙofa ɗaya ce ta dame ni a duk zaren nan. Jariri yana zuwa duniya da wani irin jini nasa na jarirai, wanda sikila ba ta iya lanƙwasa shi. Bayan 'yan watanni sai a kulle ƙofar jinin jarirai a buɗe ta manya, to daga nan mai sikila yake fara sanin duniya. Ƙanwata Auta wata shida ta yi lafiya lau, ɓul-ɓul da ita, kafin ranar da yatsunta suka kumbura ta fara kukan da har yau ban manta da shi ba. Yanzu shekarunta sha bakwai. Tambayata ɗaya ce tun da na shiga sashen nan: wane ne a cikin 'yan uwan nan ya kulle ƙofar, kuma in an janye shi za ta buɗe? Jinin da nake kiwo na Auta ne. Duk bayan wata uku ake ɗiba, Umma ce ke riƙe mata hannu tana kawar da kai, kuma ita ta sa hannu a takardar izini.

Sai shi. A nan Mai Turare zan kira shi, don kafin ka gan shi ka ji shi. A ƙofar ɗakin ƙwayoyi an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a shiga da turare, shi ya sa kullum a bakin ƙofa yake tsayawa, ya jingina da bango, farar rigarsa a goge ko ɗigo babu. Ni kuma lokacin, don wauta, sai na ga hakan ladabi ne. Sabon dakta ne, ɗan lelen Farfesa. Farfesa ba ya zama, kullum yana hanya, sai ya ce duk abin da nake so in gaya wa Dakta, shi zai riƙa duba aikina.

Ya duba aikin, ya duba mai aikin. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi, so irin wanda kike karanta saƙo ɗaya sau goma. "Sanyin Idona" na rubuta a kan lambarsa. Wata rana ciwon Auta ya tashi da tsakar rana, ba mota a layinmu, na kira shi, minti ashirin sai ga shi. Shi ya ɗauke ta cak ya sa a mota. Tun ranar Umma ta sallama masa. Abbanmu ya rasu shekara shida ke nan, kuma na san abin da Umma ta gani a ranar: namiji a ƙofar gida mai amsa kira. Har an tsayar da cewa iyayensa za su zo su gana da kawunnaina ranar Asabar ta ƙarshen wata.

Ranar wata Litinin da safe ina sa safar hannu, wayata ta yi ƙara. Sanarwa ce a zauren sashenmu na waya. Baƙi uku za su zo daga wata babbar cibiyar bincike nan da mako biyu, za su saurari ayyuka, su zaɓi mutum ɗaya ya tafi wurinsu da aikinsa ya shekara. Na gangara ƙasa ina duba jerin masu gabatarwa. Na uku, na ga taken aikina, kalma da kalma yadda na rubuta a bangon shuɗin littafina. A ƙarƙashi sunansa. A ƙarƙashin nasa, na Farfesa. Na sake karantawa, na faɗaɗa rubutun da yatsu biyu kamar sunana zai faɗo daga tsakanin layuka. Babu.

Da safar hannun na tafi ofishinsa. Yana zaune yana juya shayi.

"Gimbiya, da sassafe haka? Zauna mana."

"Ina sunana?"

Ko gezau bai yi ba. Ya ajiye cokali, ya yi murmushin nan da ke sa Umma ta ƙara masa nama a faranti.

"Na san za ki gani, na so in fara gaya miki. Ki duba, mutum ɗaya za su ɗauka, kuma mai digirin dakta za su fi saurara. In suka ɗauke ni ai mu suka ɗauka. Tare za mu tafi, kina matata."

"Na ji. Ina sunana?"

"Yana shafin godiya."

Ya juyo min da kwamfutarsa. Shafi na ƙarshe, layi na ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe: godiya ga masu taimakawa a ɗakin bincike. Ni da mai wankin kwalabe da mai shara, jaka ɗaya aka zuba mu.

"Ni da ke ɗaya ne," ya ce. "Kada ki sa ƙaramin abu ya ɓata mana babba."

Da yamma na gaya wa Umma. Tana zaune a tsakar gida ta baje sabon leshi mai ruwan zuma da ta saya min don ranar Asabar ɗin, tana gwada shi da mayafai. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ke dai 'yar nan ba ki da godiyar Allah. Suna a takarda, shi za ki ci? Mutumin da ya ɗauki ƙanwarki a hannunsa? Abin mijinki ai naki ne, naki nasa. Kada ki kuskura in ji kin tada wata fitina kafin mutanen nan su zo."

Na shiga ɗaki na kulle ƙofa. Ban yi kuka ba. Wani abu ne ya zauna min a ƙirji, mai sanyi, mai nauyi, kuma ban nemi ya tashi ba. Na buɗe wayata na goge "Sanyin Idona", na bar lambar tsirara.

Yanzu ga abin da ya kamata ku sani, wanda shi bai sani ba. Bara, da na gano ɗan uwan da nake zargi, na janye shi daga ƙwayoyin. Mun yi musu wata dabara ta yadda in ƙofar jinin jarirai ta buɗe, za su yi haske kore a ƙarƙashin madubin gwaji. Kwana na uku na leƙa, sai ga farantin kore shar. Na yi tsalle ni kaɗai a ɗaki, na ɗauki hotuna na tura masa da hannuna, har da 'yan zukata a ƙasa. Kwana na huɗu kore, na biyar kore. A nan shuɗin littafina ya cika, na ajiye shi a kan teburin aiki. Shi ya ɗauka ya kwafe.

Washegari aka kwantar da Auta a asibiti. Na sayi jan littafi a wani shago da ke bakin ƙofar asibitin, da safe in ruga in ciyar da ƙwayoyi, in dawo gefen gadonta in rubuta. Kwana na takwas koren ya fara dushewa. Kwana na goma farantin ya yi baƙi ƙirin, ƙwayoyin kuwa lafiyarsu ƙalau. Ƙofar ce ta sake kulluwa. Ranar a banɗakin asibiti na yi kukana don kada Auta ta gani. Ban gaya masa ba, kunya nake ji, ina so sai na gyara in kawo masa cikakken abu ya yi alfahari da ni. Kun ji irin zuciyar da nake da ita a lokacin.

Wata takwas na yi ina neman wanda ya kulle ƙofar a bayan idona. Ashe wani ɗan uwan furotin ɗin da na janye ne, mai yatsu irin nasa sak, da ke zaune shiru a gefe ba ya komai. Sai ya ga wurin ya zama babu kowa, ya ɗauki kwanaki yana taruwa, sannan ya hau ya damƙe. Da na yi wa Auta bayani, ta yi dariya har tana riƙe ƙirji, ta ce, "Yaya, ai liman da na'ibi ne. Kin kori liman, na'ibi ya ja salla." Tun ranar sunansu ke nan a jan littafina, Liman da Na'ibi. Da na janye su duka biyun, koren ya zo ya zauna, har kwana ashirin da ɗaya. Sau biyu na maimaita, na dasa na uku, ina jira ya cika in kira shi da Farfesa in nuna musu. Ranar da sanarwar nan ta fito, na ukun yana ɗan kwana bakwai a can ƙuryar akwatin ɗumi.

Ranar Laraba da hantsi saƙonsa ya shigo.

"Gimbiya, ina so baƙin nan su gani da idonsu, ba hoto kawai ba. Ki dasa min faranti shida, ki janye furotin ɗin yadda kika saba. Yau nake so."

Na ƙirga da yatsuna. Daga Laraba zuwa Litinin ɗin da baƙi za su zo, kwana goma sha biyu. Na ƙirga sau uku. Duk wanda ya taɓa ciyar da ƙwayoyin nan ko na mako biyu ya san abin da zai tarar. Amma mutumin da bai taɓa wuce bakin ƙofa ba, a wurinsa faranti kamar hoto ne, in ya yi kore ya yi ke nan har abada.

Wallahi na ba shi dama, ku shaida. Na rubuta: "Yau? Ka tabbata? Ba sai saura kwana uku ba?"

"Yau. Ba na son aikin gaggawa irin naku na mata. Gara ya yi kore ya jira mu."

Na sake rubutawa: "Ka bi aikin har ƙarshensa kuwa? Akwai abin da kake so ka tambaye ni?"

"Na haddace shi kamar sunana. Ki yi abin da na ce kawai."

Na rubuta masa: "To."

Ban taɓa yi wa faranti hidima irin wadda na yi wa shidan nan ba. Abinci a kan lokaci, ruwa a kan lokaci, kowace rana in rubuta a takardar da ke manne a jikin akwatin, in sa hannu, don kada gobe a ce sakaci ne. Kwana na uku suka yi kore, na ɗauki hoto na tura masa, ya turo min hoton fure. Daga nan bai ƙara tambaya ba, ni kuma ban ƙara turawa ba. Kwana na takwas na tsaya ina kallon hasken yana tafiya, abin da bara ya sa ni kuka, bana kuwa har wani daɗi ya ratsa ni. Ina jin wasunku suna cewa wannan mugunta ce. E, mugunta ce, ban musa ba.

Auta kaɗai ta sani. Ta karanta saƙonnin a wayata har sau biyu, don ita ma tana ƙaunarsa, Yaya Dakta take ce masa. Sannan ta ce, "Ba za ki gaya masa ba?"

"Ya tambaye ni?"

Ta miƙo min wayar. Ranar Litinin da safe ina tsaye gaban madubi da doguwar riga baƙa, ta buɗe kabad ta zaro koren mayafina ta wurgo min.

"Ki yafa wannan, Yaya. A samu kore ko ɗaya ne a ɗakin."

Ƙarfe goma aka fara. Baƙi uku, maza biyu da wata tsohuwa 'yar firit mai tabarau rataye da sarƙa, ita ce shugabarsu. Mai Turare ya tashi cikin kwat mai ruwan toka, ƙamshinsa ya cika zauren. Ya iya magana, wannan ba zan hana shi ba. Minti arba'in yana zuba, hotunana suna wucewa a allo ɗaya bayan ɗaya, ina gane kowanne da ranar da na ɗauke shi. Har ya ce, furotin ɗin nan kamar uwa ce mai tarin makullai a wuya. Mutane suka yi dariya. Makullan Ummata ma bai bari ba. Farfesa yana gaba yana gyaɗa kai kamar shi ya haife shi.

Da ya gama ya ce, "Ba sai kun yarda da hoto ba. Mu je ku gani da idonku."

Muka ɗunguma ɗakin ƙwayoyi. Ranar dai ya shiga, da turarensa da komai. Aka saki labule, aka haɗa madubin gwaji da babban allo. Ya ɗaga min hannu ba tare da ya kalle ni ba.

"Kawo na farko."

Na ɗora. Na kunna shuɗiyar fitila. Allo baƙi.

"Gyara shi, bai zauna ba."

Na gyara. Baƙi. Na biyu, baƙi. Na uku, na huɗu. A na biyar na ji numfashinsa ya canza. Da na ɗora na shida ya ture hannuna ya kama madubin da kansa yana murɗa abin da bai san amfaninsa ba.

"Ke, kin ciyar da su kuwa?"

Na kunna farar fitila, ƙwayoyin suka bayyana a allo, cike da faranti, kewayayyu, lafiyayyu. Na ciro takardar da ke jikin akwatin na miƙa wa tsohuwar. Ta sa tabarau ta bi ta layi-layi.

Sai ya yi wata 'yar dariya ya juya wurin baƙin. "Ina jin matsalar daga jinin ne. Kun san jinin irin waɗannan marasa lafiyar, dama can lalatacce ne, ba a dogara da shi."

Duk abin da ya rage a zuciyata mai laushi game da shi, a nan ya ƙare.

Tsohuwar ta ce, "Kwana nawa ƙwayoyin nan da janye furotin ɗin?"

Ya kalle ni. A gaban kowa, ya kalle ni.

Na ce, "Goma sha biyu, ranki ya daɗe."

"Wa ya zaɓi goma sha biyu?"

Na ciro wayata na karanta saƙonsa da ƙarfi, ban rage ko kalma ba, har da aikin gaggawa irin namu na mata. Ɗaya daga cikin mazan ya yi tari ya kalli silin.

Ta juya gare shi a hankali. "Dakta, a naka aikin, me kake gani a kwana na goma?"

Gumi ya tsattsafo masa a saman leɓe. Ya ce wani abu game da zafin ɗaki. Ba ta ma bari ya kai ƙarshe ba, ta juyo gare ni.

"Ke fa?"

"Duhu nake gani. Ɗan uwansa ne ke hawa wurinsa ya sake kulle ƙofar."

Na buɗe akwatin ɗumi, na miƙa hannu can ƙurya na ɗauko farantina, ɗan kwana ashirin da ɗaya. Na ɗora, na kunna shuɗiyar fitila. Koren da ya cika allon nan har fuskokinsu ya haska. Na zaro jan littafina daga jaka na ajiye a gabanta, da kwanan wata a kan kowane shafi, wasu shafukan da tambarin kofin shayin asibiti.

Ta daɗe tana buɗawa. Ta tambaye ni su wane ne Liman da Na'ibi, na gaya mata, ta yi dariya har tabarau ya zame. Tambaya bakwai ta yi min, na amsa shida, ta bakwai na ce ban sani ba tukuna. Ta ce wannan amsar ta fi burge ta. Sannan ta miƙo min alƙalaminta da littafinta.

"Ban ga sunanki a takardar da aka ba mu ba. Rubuta min shi a nan."

Na rubuta da manyan baƙaƙe, har da sunan Abba. Da na ɗago, Mai Turare ba ya ɗakin, ƙamshin kawai ya bari.

Ƙarfe huɗu na isa gida. Motarsa na ƙofa. Ya riga ni.

Yana zaune a falo a kujerar Abba, idanunsa jajur, an ajiye masa lemo mai sanyi da biskit a tire mai kyau da ba a fitarwa sai don shi. Umma na tsaye, fuskarta a murtuke. Auta na raɓe a bakin labule.

"Zauna," Umma ta ce. "Ya ce kin haɗa masa tarko kin tozarta shi a gaban baƙi. Haka ne?"

"Haka ne, Umma. Abin da ya ce in yi na yi, kuma na san abin da zai biyo baya."

"Ba ki ji kunya ba? Saura kwana biyar iyayensa su zo?"

"Umma, ki tambaye shi me ya ce da farantin ya ƙi yin kore."

"Wannan maganar aiki ce, Umma," ya yi saurin cewa. "Ba za ki gane ba."

"Ya ce jinin ne lalatacce," na ce. "Ya ce jinin irin waɗannan marasa lafiyar dama can ba a dogara da shi. A gaban mutum ashirin."

Umma ta juya ta kalle shi. Ta daɗe tana kallonsa.

"Jinin wa ke cikin farantin, Dakta?"

Ya kawar da kai ya kalli tiren lemo.

"Tambayarka nake yi. Sau goma sha biyu na riƙe hannun yarinyar nan ana soka mata allura, jijiyarta ma da ƙyar ake samu. Ba ta taɓa cewa a'a ba. Shi ne lalatacce?"

"Ba haka nake nufi ba, Umma. Ruɗewa na yi."

Umma ta sunkuya ta ɗauke tiren daga gabansa, lemon ko rabi bai sha ba, ta miƙa wa Auta. "Kai kicin."

Ya miƙe yana gyara kwat. A bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, babu sauran Gimbiya a cikinta.

"Kada ki yi saurin murna. Takardar izinin ɗibar jinin nan da sunana take a ofis. Ba za ki fita da ko faranti ɗaya ba sai na yarda."

Gaskiya ya faɗa. Umma ce ta amsa, hannunta a kan makullan wuyanta.

"Takardar taka ce. Jinin na 'yata ne, kuma ni na sa hannu. Gobe da safe zan je in ce na janye daga sunanka, a rubuta wata da sunan wadda ta yi kiwo. Ka gaida mutanen gida, ka ce kada su wahalar da kansu ranar Asabar."

Ta rufe ƙofar da kanta, ta murɗa makulli sau biyu. Ba ta ba ni haƙuri ba, Umma ba ta yin wannan. Ta dai wuce ta ɗauko leshin mai ruwan zuma ta ninke, ta ɗora min a cinya, ta ce in adana, ko a can wurin tsohuwar za a samu ranar sa shi. Sai a lokacin kukan da na riƙe mako biyu ya zo, Auta ta rungume ni ta baya tana min dariya.

Ina share fuska wayata ta ɗauki ƙara. Na duba. Farfesa ne. Mutumin da ya karanta taken nan, ya san sarai wa ke zuwa Asabar da Lahadi, ya ga babu sunana, ya sa hannu, ya kuma ɗora nasa a ƙasa.

Masu cewa in yi haƙuri, ku ƙara haƙuri da ni. Liman kawai na janye, ga Na'ibi nan yana kira. Na bar wayar ta yi ƙara sau biyar, na jawo jan littafina kusa, sannan na ɗaga.